Minti Saba'in da Huɗu

Ɗalibai suna kiransa Kunne, shi kuma yana yi kamar bai taɓa ji ba. Shi ne mataimakin shugabar makarantar, kuma shekara goma sha tara ke nan yana tsaron jarrabawa. Sauran malamai da ido suke kama masu satar amsa, shi da kunne. Zai zauna can bayan zaure ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, tumbinsa na hawa yana sauka, can sai ka ji ya ce, "Layi na uku, kujera ta shida, miƙe."

A tambayoyin da ake zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu, yara sun ƙirƙiro hanyarsu: tari ɗaya amsa ta farko, tari biyu ta biyu, jan hanci ta uku, buga biro a tebur ta huɗu. Shi ya gano wannan dabara. Shi kuma ya rubuta dokar da aka liƙa a ƙofar zauren jarrabawa, doka ta tara: duk wanda ya maimaita wani sauti ko motsi sau uku a jere, a karɓe takardarsa tukuna, bayani ya biyo baya.

Namiji in ya ba hamsin baya, gashin kansa ya yi ƙaura zuwa cikin kunnuwansa, yakan so ya sami abu guda da zai nuna ya ce, wannan nawa ne. Wasu gida suke nunawa, wasu mota. Shi doka ta tara.

Sai Allah ya ba shi Auta.

Tana shekara takwas ta fara ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa. Aka ɗiga magani, aka yanka tabarau, ido ya ci gaba da abinsa. Da idon ya lafa sai kafaɗar dama ta karɓa, tana zabura kamar an tsikare ta. Daga nan maƙogwaro: gyaran murya, da wani ɗan sauti, hik, kamar shaƙuwar da ta rasa hanyar fita. Wani lokaci ma takan maimaita kalmar ƙarshe da mutum ya faɗa, sai ka rantse gatse take yi. Goggonta ta ce shagwaɓa ce. Kakarta ta ce bakin mutane ne. Shi kuwa ya ce rashin tsoro ne, ya sa rula. Ya yi shekara biyu yana tsula mata rula a bayan hannu kafin ya lura cewa duk ranar da ya doke ta abin ƙaruwa yake. Ya daina dukan, ya kuma lissafa dainawar cikin kyawawan halayensa.

A makaranta ya ce mura ce. Yara suka sa mata Tirafiketa, wato fitilar mota mai ƙiftawa in za a sha kwana. In ta wuce sai su ce, "Hagu za ki ko dama?" Ta koyi danne abin na tsawon darasi guda, da an kaɗa ƙararrawa ta ruga bayan gida ta sauke. Malamai suka rubuta a katinta: tana da ƙwaƙwalwa amma ba ta mai da hankali, rubutunta kamar tafiyar kaza.

Saura wata bakwai jarrabawar fita, matarsa ta matsa sai da suka je babban asibiti. Likitar ta saurara, ta duba, ta ce sunan abin Turet, ba hauka ba ne, ba kuma iskanci ba.

"Amma tana iya riƙewa," in ji shi. "Na gani da idona. In muka yi baƙi, ko motsi."

"Malam, ka taɓa riƙe atishawa?"

"Na taɓa, a taro."

"To riƙe ta yanzu, ka kuma faɗa mini goma sha bakwai sau ashirin da uku."

Ya fara ƙirga a yatsu, ya rikice. Ko ba atishawar ma lissafin ya fi ƙarfinsa, shi malamin tarihi ne.

"Ka gani?" in ji likitar. "Da abin da take riƙewa da shi, da shi take karatu. Hannu ɗaya ne. In ya riƙe ƙofa ba zai riƙe biro ba. Ku bar ta ta yi motsinta, kanta zai yi aiki."

Ta rubuta takarda zuwa ga makaranta: a ba yarinyar ɗaki ita kaɗai ranar jarrabawa, a ƙara mata lokaci kaɗan. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya irin ta mutumin kirki. Sai a mota ya karanta abin da ke saman takardar da manyan baƙaƙe: Sashen Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi.

Ya san jama'arsa. A kan kalma ta biyu za su tsaya, ba wanda zai ƙarasa. Kuma takarda irin wannan ta hannun akawun makaranta take bi, mutumin da cikinsa kwando ne, abin da ka zuba da safe ka tsince shi a bakin titi da azahar. Ga Shugaba za ta yi ritaya ƙarshen shekara, kujerarta tana masa murmushi kullum ya shiga ofis. Ta yaya mai doka ta tara zai zo yana neman a ware wa 'yarsa ɗaki don ta yi tari son ranta? Wanzami ba ya son jarfa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun tebur, ƙarƙashin takardar garantin wata fanka da ta daɗe da mutuwa.

Maimakon haka sai ya ƙirƙiro tsari, don shi mutum ne mai tsari. Kullum da la'asar zai sauko da agogon bango ya kwantar a teburin cin abinci, ya zaunar da Auta da tsofaffin tambayoyin lissafi. Duk sanda abin ya taso mata ta haɗiye shi, sai ta ja ɗan layi a gefen takarda. Huɗu a tsaye, na biyar ya gicciye su. Ya ce hakan zai ba hannunta aikin yi. Takardar lissafi minti casa'in ce. Ranar farko ta riƙe arba'in.

"Ba laifi," ya ce. "Gobe ki ƙara biyar."

Wannan ce maganarsa ta kullum. In ta yi arba'in da biyar, gobe ki ƙara biyar. In ta koma talatin saboda ranar ta zo da nauyi, gobe ki ƙara biyar. Da ya ce a tashi sai ta shige sito ta ja ƙofa, ka ji kamar an rufe akuya da tukwane. Uwarta takan tsaya a bakin ƙofar riƙe da kofin ruwa, ba ta kallonsa.

Auta dai abu ɗaya take so a duniya: makarantar koyon awon filaye. Tun tana ƙarama take auna tsakar gida da igiyar shanya. Makarantar kuwa ba ta karɓar wanda bai ci lissafi ba, ko da ya ci sauran duniya.

Wata rana matarsa ta ajiye masa takardu biyu kusa da shayinsa.

"Malam, duba. Wannan a gabanka ta yi, ashirin da biyu cikin sittin. Wannan a sito ta yi, tana ta fizge-fizgenta a kan buhu. Hamsin da shida."

"A sito ake jarrabawa?"

"Ai ɗaki likita ta ce a ba ta."

"Likita ba a makarantar nan take aiki ba."

"Kai ma ba kai za ka rubuta ba."

"Sabo ne. Da ta saba riƙewa, makin zai biyo baya."

"Allah ya sa ya san hanya," in ji ta, ta ɗauke shayin tun bai gama ba.

Ranar rufe rajistar masu bukata ta musamman ta zo ta wuce. Shi ya rubuta sanarwar da hannunsa, shi ya liƙa. Ana gobe jarrabawa Auta ta kai minti saba'in. Ya lissafa cewa tsoron zaure zai cika ashirin ɗin da suka rage. Bai tambayi kowa ba ko tsoro ƙara abin yake yi ko rage shi, don ya san amsar tun zamanin rula.

Da safe, ba tare da ya yi shawara da kansa ba, ya ciro takardar likita ya sa a aljihun riga ya ɓalla maɓalli, kamar mai ɗaukar lema ranar da ya rantse ba za a yi ruwa ba.

Malamin da 'yarsa ke rubuta jarrabawa ba ya shiga zaure, wannan ma dokarsa ce. Wanda zai tsaya a madadinsa wani matashin malami ne da yara ke kira Jan Biro, wanda shi Kunne ya horar da shi da hannunsa shekara uku. Suka haɗu a baranda.

"Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka," in ji Jan Biro yana washe baki. "Yau kamar kana ciki. Ko sauro ya yi tari sai na ji."

"Madalla," in ji Kunne.

Ƙarfe tara aka fara. Ya zauna a ofis, taga a buɗe, zauren na can tsallaken fili. Ya ji jan kujeru, ya ji buɗe takardu, ya ji takalmin Jan Biro yana kai da kawo. Tara da rabi, shiru. Goma, shiru. Goma da minti goma ya fara jin wani abu mai kama da alfahari yana hawo masa. Goma da sha huɗu sai ya ji: hik. Hik. Hik. Sai gyaran murya biyu. Sai gwiwar hannu ta daki tebur. Sai kuma duka a haɗe, kamar madatsar ruwa ta ɓalle. Da wani uban ne, da bai ji ba daga wannan nisa. Shi kuwa Allah ya yi masa baiwa.

Ƙarfe sha ɗaya daidai aka zauna a ofishin Shugaba, ƙarƙashin agogon bango. Shugaba a kujerarta, akawu da littafinsa, Jan Biro a tsaye da takardu a ƙirji kamar wanda ya kamo kifi. Auta na kan benci, rigarta jiƙe da gumi, kafaɗa na zabura, ido na ƙiftawa, ba ta da sauran ƙarfin hana su.

"Malam, zauna," in ji Shugaba. "Yau uba kake, ba mataimaki ba."

Jan Biro ya zayyano. Sa'a guda da kwata yarinyar tana zaune kamar gunki, sai can ta fara ba da alama. Samari uku da ke bayanta, waɗanda tun safe suke kallon silin, nan take suka duƙufa suna cike amsa, kowane sauti da gurbinsa. Ya ritsa ɗaya daga cikinsu, yaron ya ce, "Wallahi Malam mun ɗauka taimako ne. Kowa ya san Tirafiketa ta iya lissafi."

"Har haka take yi," in ji Jan Biro, ya ɗaga kafaɗa ya ƙifta ido ya ce hik. Ya iya kwaikwayo ƙwarai. Akawu ya sunkuyar da kai yana dariya cikin littafi.

Hukuncin satar amsa sananne ne: a soke duk takardunta, a hana ta zama jarrabawa shekara biyu. Kunne ya ɗora hannu a aljihu. Ya ji tudun takardar. Ya kalli akawu, ya ga biro a tsaye yana jira. Sai lissafi ya zo masa, wanda bai zo ba a gaban likita: shekararta goma sha bakwai, da biyu sha tara, ai ba tsufa ba ne. Satar amsa kuwa ƙuruciya ce, ana mantawa. Wancan sunan kuwa, na mai ciwon ƙwaƙwalwa, ba a mantawa. Ya sauke hannun ya gyara zaman hularsa.

"Malam," in ji Shugaba, "akwai wani abu game da lafiyarta da ya kamata mu sani?"

"Mura ce ke damunta jefi-jefi."

"Mura," in ji Auta. "Mura. Mura."

"Kin ji ko, ranki ya daɗe?" in ji Jan Biro. "Har uban nata take yi wa gatse."

"Murar nan dai ta girmi wasu 'yan aji ɗaya," in ji akawu, kamar da littafinsa yake magana.

Auta ta toshe bakinta da tafin hannu. Ba uban take kallo ba, agogo take kallo. Wata bakwai ya koya mata kallon agogo.

Aka yi ta jan magana. Aka kira samarin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ya fita. Sau biyu Shugaba ta sake juyowa gare shi da ido, sau biyu ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Daga nan Jan Biro ya fito da abin da ya ajiye don ƙarshe: takardar tambayoyin Auta. Gefenta duka biyu cike da 'yan layuka, huɗu a tsaye, ɗaya a gicciye, daga sama har ƙasa, shafi uku. Wasu wuraren biro ya huda takardar.

"Ga mabuɗin alamar," ya ce. "Ni dai ban iya karanta shi ba. Amma ga gwani a zaune."

Shugaba ta miƙa masa. Ya karɓa, ya saka tabarau, ya nisanta takardar, ya kusanto da ita. Idonsa ya ƙirga ba da izininsa ba. Sun haura ɗari uku.

"Sabon salo ne," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsa ba."

Shugaba ta juya ga benci. "Ke 'yata, dube ni. Wa ya koya miki wannan zane?"

Auta ta cire hannu daga bakinta. Ba ta iya ƙarya ba, duk ƙarfinta ya tafi wajen riƙe wani abin.

"Baba."

Fankar ofis ta ci gaba da kukanta. Biron akawu ya taɓa takarda.

"Kullum da la'asar," ta ƙara. "Wata bakwai. Hik."

Shugaba ta cire tabarau a hankali ta ajiye. "Malam, ka san abin da wannan ke nufi. Malamin da aka samu ya koya wa ɗalibi hanyar satar amsa, ba takardar gargaɗi ake ba shi ba. Dole yau ɗin nan in rubuta wa hukuma cewa..."

Ba ta ƙarasa ba. Takardar likita tana kan teburinta, a buɗe, ya ma shafe ta da tafin hannu don ta miƙe. Maɓallin aljihunsa ya tsinke ya gangara ƙarƙashin kabad, kowa na jin tafiyarsa. Shi kansa bai san yana da sauri irin wannan ba. Rabonsa da shi tun yana saurayi.

Shugaba ta karanta daga sama har ƙasa. Ta koma sama ta karanta kwanan watan da ƙarfi, sau biyu, don akawu ya samu daidai.

"Layukan," in ji Kunne da wata murya da ba tasa ba, "ƙirga ne. Duk wanda ta haɗiye, layi ɗaya."

Jan Biro ya kalli shafukan uku, ya ajiye su a bakin tebur kamar suna da zafi.

An wanke Auta daga satar amsa. An wanke ubanta ma, daga wannan laifin dai. Amma takardar amsa tana nan yadda aka karɓe ta. Tambaya goma sha ɗaya ta amsa cikin sittin. Malamin lissafi ya leƙa daga baya ya ce duka sha ɗayan daidai ne, sai dai sha ɗaya sha ɗaya ce.

"Ba za a bar ta ta sake ba?" ya tambaya. "Tunda ga takarda..."

"Hukuma ba ta sake jarrabawa don takardar da ta zo bayan rufe rajista," in ji Shugaba. "Ka fi ni sani. Kai ka liƙa sanarwar. Sai baɗi, in da rai. Ka zo gobe da safe, ni da kai muna da magana."

"Ranka ya daɗe," in ji akawu cikin ladabi, "yaya ake rubuta sunan ciwon? Kada in yi kuskure."

Ya faɗa masa baƙi bayan baƙi.

Kafin su kai bakin ƙofar makaranta, maigadi ya taso daga bencinsa ya cire hula. "Sannu Malam. Ashe abin da ke damun yarinya ke nan. Allah ya ba ta lafiya." Daga ofis zuwa ƙofa taku ɗari ne da 'yan kai. Kunne ya yaba wa akawu a ransa, aiki dai aiki ne.

A mota Auta ta zauna gaba, jaka a cinya. Abin mamaki, jikinta ya lafa, sai ƙifta ido jefi-jefi. Suka wuce shagon mai faci, suka wuce kantin littattafai inda aka rataye ma'aunin awo a taga, wanda ta saba juyawa ta kalla kullum. Yau ba ta juya ba. Ya yi ta neman abin faɗa, irin na uba, mai ɗan nauyi amma ba mai jawo tambaya ba.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce.

"Saba'in da huɗu."

"Na ji. Ina lissafe." Sai kuma bakinsa, wanda bai san an canja zamani ba, ya ƙara da cewa, "Kin wuce na gida."

Ta gyaɗa kai, ko kuma kan ne ya gyaɗa kansa. Danja ta tsayar da su. Wani mai sayar da tsumman goge mota ya leƙo, ya ga fuskokinsu, ya wuce.

"Baba."

"Na'am, Auta."

"Kai talatin da ɗaya ka yi."

"Me?"

"Daga sha ɗaya zuwa sha ɗaya da talatin da ɗaya. Na ga hannunka a kan aljihu tun muna shiga." Kafaɗarta ta zabura sau ɗaya. Muryarta ba fushi, ba kuka, muryar mai duba aikin ɗalibi. "Ba laifi. Gobe ka ƙara biyar."

Danja ta ba da hannu. Na baya suka dinga danna oda, wani ya leƙo yana tambaya ko kurma ne ke tuƙin.